Yadda Na Yi Kaka a Hong Kong

Bari in tsallake maku koke-koken rakiya. Duk wanda ya tashi a Nasarawar Kaduna ya san yadda ake yi: matan zumunta sun zo sun yi addu'a, Mama ta cusa min yaji da daddawa a jaka, an ce in riƙe Allah. Shi ke nan. Mu fara daga inda jirgi ya soma saukowa.

Sunana Rifkatu. A shekarun tamanin ne, lokacin da ake bin layin madara da sabulu, ina da ashirin da 'yan kai. Babana ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Akwai wani mutum a cocinmu da muke kira Oga Sunday, mai takalmi mai ƙyalli, shi ya ce yana da hanya a wajen 'yan China masu masaƙa, zai kai ni Hong Kong in yi kwas ɗin zanen atamfa, in dawo in zauna a ofis ƙarƙashin fanka. Baba ya sayar da gonarsa ta Kakau ya miƙa masa.

Saukar jirgin nan har gobe ina jin ta a cikina. Tsakanin benaye muka bi. Na leƙa taga na ga shanyar mutane, na ga wata mata tana kwashe wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na runtse ido ina addu'a. Oga Sunday yana gefena yana dariya, wai 'yar ƙauye.

Ya kai ni wani dogon bene a Kowloon, wanda duk ƙabilun duniya sun taru a ciki, ƙamshin kori da warin kwata sun haɗu a matakala. Ɗakin da aka ba ni, in na miƙe hannu biyu ina taɓa bango da bango. Washegari ya ƙwanƙwasa.

"Rifkatu, kawo tikitinki na komawa. Dole a je ofishin jirgi a sake tabbatar da shi, in ba haka ba su soke."

Na ba shi. Har na gode masa. Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Oga."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Daga baya na fahimci ya je ya mayar da tikitin ya karɓe kuɗin. Makarantar zanen kuwa, na yi ta nuna wa mutane sunanta a titi suna girgiza kai. Babu ita, ba a taɓa yin ta ba.

Mai gidan, wani Ba'indiye, ya yi min haƙuri iya nasa, sannan wata safiya na tarar da jakata a baranda. Na zauna a kanta. Ban yi kuka da Turanci ba, wa ke iya wannan? Da Hausa na buɗe baki ina cewa Allah ya isa, Sunday, Allah ya isa tsakanina da kai.

Sai na ji murya a bayana. "Wa ke kai ƙara wurin Allah da sassafen nan?"

Na waiga. Wani dattijo ne da jallabiya da silifas, riƙe da buta. Wallahi da mala'ika na gani da ba zan fi haka razana ba.

"Baba, kana jin Hausa?"

"Ina ji? Da ita aka yi min suna. Tashi daga ƙasa, 'yata, a nan ba a tausayin mai zama."

Alhaji Isiyaku ke nan, mutumin zangon Kumasi. Yana da ɗan shago a ƙasan benen, yana tura rediyo da agogo zuwa Ankara da Lome. Ya saurari labarina har ƙarshe, bai ce min me ya sa kika yarda ba. Ya haɗa ni da wasu mata biyu 'yan Filifin da ke haya a saman shagon, ya ce in riƙa taya shi ɗaure kwali da yi masa tafinta, don Turancinsa na ciniki ne kawai, ni kuwa sistocin coci ne suka koyar da ni. Abinci da wurin kwana sun samu. Tikiti kuwa, shi kansa ya ce min gaskiya, ƙarfinsa bai kai ba.

Kewar gida ta fi yunwa ciwo. Ina barbaɗa yajin Mama a taliyarsu kaɗan-kaɗan kamar magani, kada ya ƙare. Ina mafarkin paten acca. Ran Lahadi ina bin 'yan Filifin coci, waƙa mai daɗi, amma ba ganga, ba tulu, ba mai guɗa, sai in ji kamar ban je ba. Gida kuwa ban aika da komai ba. In ce wa Baba me? Gonarka ta zama takalmin Sunday?

Ga kuma hatimin da aka buga min a fasfo yana ta matsowa. Alhaji ya ce in wa'adin ya cika ban da takardar aiki, kamawa ce, a tsare ni, a sa ni a jirgi da ɗan sanda a gefe. Na hango kaina ina sauka a Nasarawa haka, hannu biyu, unguwa ta fito kallo.

Ana nan sai wani saurayi ɗan China ya shigo benen yana neman duk mai jin Turanci, wai ana son mutane su je su yi hayaniya. Na ɗauka ban ji daidai ba. Alhaji ya ce, "Je ki mana. Hayaniya dai ai ba a fi ku 'yan Najeriya ba."

Wurin wani ɗan sutudiyo ne a ƙarƙashin ƙasa. Aikinsu, su sayo katun na Japan, wato fim ɗin zane na yara, su cire muryar Japananci su sa ta Turanci, su sayar wa gidajen talabijin na ƙasashe. Ni da na tashi ina kallon irin waɗannan a talabijin ɗin maƙwabta, ban taɓa tunanin wasu mutane ne ke tsaye suna gumi a bayan muryar ba.

Ga yadda ake yi. Ana yanka fim ɗin guntu-guntu, kowane guntu a haɗa bakinsa da gindinsa ya yi ta zagayowa a bango. Ku kalla, ku sake kalla, sai jar fitila ta kama, a ɗauka. Makirfo ɗaya ne tal a tsakiyar ɗaki. Kowa ba takalmi, don kada a ji taku. In lokacinka ya zo ka matso ka faɗi naka ka ja baya, wani ya shigo. A kashe na'urar sanyi saboda ƙara, ɗaki ya zama tanda. Kuma duk tare ake ɗauka a faifai ɗaya. Mutum ɗaya ya yi kuskure, kowa ya koma farko.

Babbar doka kuwa ita ce ido a bango. Bakin katun ɗin Japan ba ya yin komai sai buɗewa da rufewa, fat-fat-fat. Ya buɗe ka fara, ya rufe ka tsaya. Ka ɗauke ido na ƙiftawa ɗaya, ka ji muryarka tana tafiya bakin yaro a rufe.

Ranar farko hayaniyar kasuwa muka yi, mutane na gudu dodo ya shigo gari. Na saki ihu irin na gobara a Kakuri. Da aka zo neman kukan kaza, Turawan da ke aikin suna ta wani abu kamar ƙofa mai tsatsa, na ce a ba ni wuri. Na yi kaza, na yi akuya, na yi jariri. Ni dama tun a firamare aikina ke nan, kwaikwayon malamai, har bulala na sha a kai.

Daraktar wata 'yar siririyar mata ce, Madam Lam, fensir a bayan kunne, ba ta dariya. Ta leƙo ta gilashi ta ce, "Ke mai akuya. Kin iya muryar yaro namiji?"

Ashe a wannan sana'a mata ke yin muryar yara maza. Wadda ke yi masu an yi wa mijinta canjin wurin aiki ta bi shi, ga sabon katun mai dogon zango ya iso. Madam Lam ta ce za ta gwada ni a kashin farko. In na yi, yaron ya zama nawa har ƙarshe, kuma kamfani zai sa hannu a ba ni takardar aiki. In ban yi ba, akwai wata Baturiya 'yar Ostireliya da ke jira.

Labarin katun ɗin, wani yaro ne da ke zaune da kakansa mai gyaran kwale-kwale. Uban yaron ya shiga teku bai dawo ba, yaron ya ƙudura sai ya bi shi. Mai yin muryar kakan shi ne Mista Harold, tsohon Bature, furfura fat, dogo har ya ranƙwafa, murya kamar ana jan turmi a siminti. Ya daɗe a garin, ba mata ba 'ya'ya a kusa, kullum da kwalbar shayinsa.

Da farko lafiya lau. Yaro da abokansa, na yi. Yaro da karensa, na yi, har karen ma ni na yi. Madam Lam tana gyara min kalmomi da fensir don su yi daidai da bakin, ina ɗauka nan take. Na fara ganin Nasarawa a kusa.

Sai muka iso guntun da kakan ya sa gatari ya fasa kwale-kwalen da yaron ya gina a ɓoye. Yaron zai tsaya a gabansa ya daka masa tsawa: matsoraci, tsohon matsoraci, kai ka bar babana ya tafi shi kaɗai!

Jar fitila ta kama. Mista Harold ya yi nasa, ya ja gefe kaɗan, kafaɗarsa na gogar tawa. Na matso. Na buɗe baki.

Kaina ya sunkuya.

Ba ni na sunkuyar da shi ba, shi ya tafi da kansa. Gwiwata ma ta ɗan lanƙwashe. Muryar ta fita can ƙasa-ƙasa ta nufi siminti, kamar mai roƙon gafara. Kafin in ɗago, bakin yaron ya rufe tuntuni.

"A sake."

Aka sake. Haka. Aka kuma sakewa. Ku gane, a gidanmu in babba na magana ƙasa kake kallo. In za ka ba shi ruwa sai ka rusuna. Ka ɗaga murya a kan mai furfura? Baba ba ya ma bari maganar ta kai ga bulala, kallo ɗaya ya isa. Shekara ashirin jikina yana koyon wannan, ga shi yau an ce in tsaya kafaɗa da kafaɗa da sa'an kakana in kira shi matsoraci da ƙarfi.

Mutane sun jiƙe da gumi. Wani Ba'amurke mai yin muryar maƙwabci ya fara buga tsaki irin nasu. 'Yar Ostireliyar tana zaune a kujerar baya tana gyara farce.

Madam Lam ta fito daga bayan gilashi. "Me kika yar a ƙasan nan? Tun ɗazu kike nema. Bakin yaron yana bango!"

"Yi haƙuri, Madam."

"Haƙuri ba ya shiga faifai. Gobe da safe guntun nan za mu fara. In kan nan ya sake sauka, ki sauka tare da shi."

Na komo shago ina ɗaure kwali ina hawaye, igiya na kuɓuce min. Alhaji ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in ba shi labari. Na ba shi.

Ya ce, "To ai kin yi daidai. Yaron da zai zagi ubansa ba ɗan kirki ba ne, ko a zane."

"Ba ubansa ba ne, Baba. Kakansa ne."

Ya ajiye rediyon da ke hannunsa. "Kakansa?"

"Eh."

"Kaka dai? Uban uba?" Ya fashe da dariya har yana tari. "Ke 'yar nan! A garinku jika yana jin kunyar kaka? Mu a zango jikokina har hulata suke cirewa su gudu da ita. Akwai wata ƙaramar, in ta gan ni sai ta ce ga tsohon mijinta mai rowa. Ku ba ku yi?"

Na tsaya da igiya a hannu. Muna yi mana! Kakana na wajen uba, can ƙauye bayan Zonkwa, ai ban taɓa gaishe shi da ladabi ba. Ina isa zan ce, tsoho, har yanzu ba ka mutu ba? Ya ce ina zan mutu in bar wa wani amaryata, ko da yake ba ta iya tuwo ba. In ɓoye masa sanda, in ce haƙoransa sun gudu sun bar shi. Abin da ba zan iya faɗa wa Baba ba ko a mafarki, a gaban kakan nan nake zazzage shi, har fushina na gaske. Shi kaɗai ne babban da nake kallo cikin ido.

Na ce, "Amma Baba, Baturen nan ba kakana ba ne."

"To ki mai da shi mana. Tsoho ne, ke yarinya ce. Me ya rage?"

Da safe na riga kowa zuwa. Mista Harold na zaune a matakala yana shan shayi. Na tsaya a gabansa, kuma ko a lokacin ƙasa nake kallo. Da Turanci muka yi, zan juya maku.

"Ranka ya daɗe, ina da roƙo."

"In dai ba rance ba ne, faɗi."

Na bayyana masa komai. Cewa a wurinmu ba a kallon babba a ido, ba a ɗaga masa murya, shi ya sa kaina ke faɗuwa. Amma akwai babba ɗaya da aka yarda ka yi wa tsiya son ranka, shi ma ya rama, ba mai fushi. Kaka.

Ya ce, "Wato kina so in yi kamar ni kakanki ne."

"A'a. Kamar ba za ta yi aiki ba, jikina zai gane. So nake ka zama."

Ya kurɓi shayi. "Me zan yi in na zama?"

"Ba komai. Zan zage ka, ka rama."

"Shi ke nan? Ai wannan na iya, na yi aure sau biyu." Ya gyara zama. "Na yarda. Fara."

Na ɗago kai da ƙyar, kamar ana danne min ƙeya, na kalli idonsa. Shuɗaye ne, ashe, duk kwanakin nan ban sani ba. Na ce a hankali, "Wannan rigar taka, tun yaƙin duniya ba a wanke ta ba."

"Wannan ne zagin? Akuyar da kika yi rannan ta fi ki baki."

"Tsoho kawai! Kunnuwa kamar faranti!"

"Yauwa. Ke kuma gajeruwa, sai an sa miki akwati kike kai makirfo."

"Gara ni, kai in ka sunkuya sai an kira injiniya ya miƙe ka!"

Ya tuntsire har shayi ya zube masa a wando. Ni ma na ji wani abu ya kwance a ƙirjina wanda ke ɗaure tun ranar da Sunday ya fita da tikitina. Na fizge kwalbar shayin na ce na ƙwace, sai ya biya tara. A haka Madam Lam ta same mu, ni da kwalba a sama, tsoho yana bina yana cewa ɓarauniya. Ta dube mu, ta dubi agogo, ta wuce ciki.

Aka kashe na'urar sanyi. Guntun ya fara zagayowa, gatari na sauka a kan kwale-kwale. Jar fitila.

Mista Harold ya yi nasa. Da zai ja gefe sai ya ɗan zungure ni da gwiwar hannu, irin na tsokana. Na matso. Idona a bango. Bakin yaron ya buɗe, nawa ya buɗe.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na kira shi matsoraci har makirfo ya yi rawa. Na ce kai ka bar babana ya tafi shi kaɗai, a kan kalmar ƙarshe muryar ta karye da kanta, ba a rubuta haka ba. Bakin yaron ya rufe. Nawa ya rufe. Tare.

Fitila ta mutu. Muna jiran hukunci daga bayan gilashi.

Madam Lam ta sa aka maimaita mana a lasifika. Na ji wani yaro yana yi wa kakansa ihu, yaron da ke son tsohon nan kamar ransa, kuma wai ni ce. Ta cire fensir daga kunne ta yi ɗan alama a takardarta.

"Ya yi. Rifkatu, in an tashi ki kawo fasfonki ofis. Guntu na gaba."

Na zauna a ƙasa daɓas. 'Yar Ostireliyar ta ɗauki jakarta, ta dafa kafaɗata da za ta fita, ta ce ihun ya yi kyau. Ban taɓa mantawa da wannan ba.

Wata da watanni na yi ina zama yaron nan. Da kuɗin aikin na sayi tikitina da hannuna, da shi na samu bakin yi wa Baba bayani, na dawo Kaduna a tsaye ba ɗan sanda a gefe. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar, ana canza faifai, Mista Harold ya ranƙwafo inda nake zaune ya ce, "To jikata, na ji aikina. Ke mene ne naki? Ko zagin ne kawai har in mutu?"

Na ce, "Har bayan ka mutu ma. A wurinmu in tsoho ya cika da shekaru, ranar biso, wato ranar binne shi, 'ya'ya ne ke kuka. Jikoki kuwa mu sa rigarsa da hularsa, mu ɗauki sandarsa, mu shiga tsakiyar taro muna tafiyarsa muna maganarsa, har masu kuka su fashe da dariya."

Ya kawar da kai. Na ɗauka na yi ɓaranɓarama, Turawa ba sa son zancen mutuwa. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigar nan tasa, ya mayar.

"Ni na ɗauka ba wanda zai zo nawa," ya ce. Sannan ya gyara murya. "To tashi. In za ki yi ni, ki yi ni da kyau, ba na son aikin banza. Gwada in gani."

Na miƙe. Na ranƙwafa, na tura ƙeya gaba, na riƙe kwalbar shayi a ƙirji, na jawo murya daga can ƙasan ciki na ce, "In dai ba rance ba ne, faɗi."

Ɗakin ya kece da dariya. Ba'amurken har da dukan bango. Na saci kallon gilashi, na ga Madam Lam ta sa takarda ta rufe bakinta, kafaɗunta na rawa.

Mista Harold ya girgiza kai. "Tafiyar ta yi. Muryar da saura."

"Akwai lokaci, tsoho," na ce. "Kada dai ka yi sauri."